Neman Gurbin Digirin Digirgir a Kimiyya da Injiniyanci: Yadda Ake Bi

Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu neman digirin digirgir shi ne su fara da sunan jami'a. Mutum zai buɗe jerin manyan jami'o'in duniya, ya zaɓi goma na sama, ya aika musu takarda iri ɗaya, sannan ya zauna jira. Wata shida su wuce babu amsa, sai ya ce ai ba a ɗaukar irinsa. Alhali ba ƙofar ya ƙwanƙwasa ba, bango ya yi ta duka.

A kimiyya da injiniyanci, digirin digirgir ya fi kama da koyon sana'a a hannun maigida fiye da zaman aji. Za ka yi shekara uku zuwa shida a ƙarƙashin malami ɗaya, a ɗakin gwaji ɗaya, kana bin tambaya ɗaya. Wannan malamin shi ke da na'urorin, shi ya samo kuɗin binciken, kuma sau da yawa shi ke cewa a ɗauki wane a bar wane. Saboda haka jerin neman ya kamata ya zama haka: tambaya, sannan malami, sannan kuɗi. Sunan jami'a ya zo a ƙarshe.

Fara da tambayar da za ta iya riƙe ka shekara huɗu

"Ina sha'awar makamashin hasken rana" ba tambaya ba ce, fage ne, kuma dubban mutane suna cikinsa. Tambaya ita ce abin da ba a sani ba tukuna, wanda za a iya ganowa da kayan aikin da ake da su cikin ɗan lokaci.

Bari mu ɗauki misalin nan na hasken rana mu matse shi. Akwai wani nau'in sinadari da ake kira perovskite, wanda aka fara gwada shi wajen juya hasken rana zuwa lantarki a 2009. A lokacin kashi 3.8 cikin 100 kawai na hasken yake iya juyawa. Yau ya haura kashi 25. Amma yana da aibi babba: zafi da danshi suna lalata shi da sauri, alhali allon hasken rana na silikon da aka saba amfani da shi yana yin shekara ashirin da ɗoriya yana aiki. To ka ga tambaya ta fara fitowa. Me ke faruwa a cikin sinadarin idan zafi ya yi yawa? Wane rufi za a yi masa ya hana danshi shiga ba tare da ya tare haske ba? Wanda ya zo wa malami da irin wannan magana ya riga ya bambanta da wanda ya ce yana "sha'awa".

Yadda ake isa ga irin wannan tambaya shi ne karatu, babu wata gajeriyar hanya. Ka shiga Google Scholar, shafin neman maƙalolin bincike, ka nemi maƙalolin da suka taƙaita halin da fagenka yake ciki, waɗanda aka rubuta cikin shekara biyu ko uku da suka wuce. Ka karanta ƙarshensu da kyau, domin a nan marubuta ke lissafa abin da ya gagara. Idan kana fannin fiziks, lissafi ko kimiyyar kwamfuta, rumbun arXiv da aka kafa tun 1991 yana ba ka sabbin maƙaloli kyauta kafin ma su fito a mujallu. Ka buɗe littafin rubutu, duk maƙalar da ka karanta ka rubuta layi uku: me suka tambaya, me suka gano, me suka bari. Bayan maƙala talatin ko arba'in za ka ga wasu sunaye suna ta maimaituwa. Waɗannan sunayen su ne jerin malamanka na farko.

Ka san tsarin ƙasar kafin ka nema

Ba ko'ina ake yin digirin digirgir iri ɗaya ba, kuma rashin sanin wannan yana ɓata wa mutane shekara guda cur.

A Amurka sashe ake nema, ba malami kai tsaye ba. Ana iya shiga da digiri na farko kaɗai, a yi kamar shekara biyu ana ɗaukar darussa, a zauna jarrabawar cancanta, sannan a duƙufa kan bincike. Gaba ɗaya yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida. A sassan kimiyya da injiniyanci masu ƙarfi, wanda aka ɗauka yawanci ana yafe masa kuɗin makaranta a kuma ba shi alawus, shi kuma ya taya koyarwa ko ya yi aiki a binciken wani farfesa. Ana rufe karɓar takardu galibi a Disamba ko Janairu, don karatun da zai fara a Agusta ko Satumba.

A Birtaniya shekara uku zuwa huɗu ne, darussa kaɗan ne ko babu, kana shiga kana fara bincike. Hukumar UKRI, mai raba kuɗin bincike na gwamnati, ita ce ke ɗaukar nauyin guraben da yawa, kuma tun shekarar karatu ta 2021/22 ta buɗe su ga 'yan ƙasashen waje, sai dai ta ƙayyade kada su wuce kashi 30 cikin 100. Wato ƙofar a buɗe take amma ƙarama ce.

Tsarin da na fi so mutane su lura da shi, domin ba a cika maganarsa ba, shi ne na Holan, Suwidin, Denmark da Norway. A waɗannan ƙasashe ɗalibin digirgir ma'aikaci ne. Ana tallata gurbin kamar yadda ake tallata aiki, ka nema, a gana da kai, a ɗauke ka da albashi da hutu da sauran haƙƙoƙin ma'aikaci. Holan da Suwidin shekara huɗu ne, Denmark da Norway uku, wani lokaci a ƙara shekara idan akwai koyarwa a ciki. Kusan ko da yaushe suna buƙatar digiri na biyu. Jamus tana da hanya biyu: ko ka nemi farfesa ɗaya ya karɓe ka kai tsaye, ko ka shiga shiri mai tsari irin makarantun bincike na cibiyoyin Max Planck, waɗanda ake gudanarwa da Turanci. A Faransa kwantiragin shekara uku ne, kuma akwai tsarin CIFRE tun 1981, inda kamfani ke ɗaukar ɗalibi aiki ya yi bincikensa tsakanin masana'anta da jami'a. Injiniyan da ke son komawa masana'anta bayan karatu ya dubi irin wannan da kyau.

Akwai kuma cibiyoyin da ke ɗaukar nauyin duk wanda suka karɓa: KAUST a Saudiyya da aka buɗe a 2009, OIST a tsibirin Okinawa na Japan, ISTA a Ostiriya, da EMBL mai hedikwata a Heidelberg ga masu nazarin ƙwayoyin halitta.

Maganar kuɗi

Ra'ayina a nan ba shi da kwana: kada ka biya kuɗin digirin digirgir na kimiyya ko injiniyanci daga aljihunka. Aikin da za ka yi na cikakken lokaci ne, sakamakonsa kuma yana ɗaga sunan malamin da jami'ar. Idan sun ce sun karɓe ka amma babu tallafi, sau da yawa ma'anarsa ita ce babu kuɗin sayen sinadarai, babu na gyaran na'ura, babu na zuwa taro. Bincike kuwa ba ya tafiya da baki. Wanda ke fita neman kuɗin haya da daddare ba zai iya tsayuwa a ɗakin gwaji da safe ba.

Kuɗin yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko, gurbin da ya riga ya zo da kuɗinsa: malami ya ci gasar tallafin bincike, yana neman wanda zai yi aikin. Irin waɗannan ake tallatawa a shafukan intanet irin su EURAXESS na Tarayyar Turai, da FindAPhD, da jobs.ac.uk, da Nature Careers, da shafukan sassan jami'o'i. Cikin mafi kyawunsu akwai guraben Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, waɗanda ɗan kowace ƙasa zai iya nema. Sharaɗinsu babba shi ne kada ka kasance ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata. Wannan sharaɗi ma alheri ne ga wanda ke zuwa daga nesa.

Hanya ta biyu, ka samo tallafinka da kanka ka kai wa malami. DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, wadda ta fara tun 1925, tana cikin mafi girma, kuma a yawancin shirye-shiryenta tana son kada digirinka na ƙarshe ya wuce shekara shida da kammalawa. Akwai tallafin Commonwealth na Birtaniya, akwai Fulbright na Amurka, akwai MEXT na Japan da ake nema ta ofishin jakadanci ko ta jami'a, akwai na gwamnatin Sin. Ga 'yan ƙasashe masu tasowa akwai ƙungiyar masana kimiyya ta TWAS, wadda masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a birnin Trieste na Italiya a 1983, tana haɗa ɗalibai da cibiyoyin bincike a wasu ƙasashe masu tasowa. Mata kuma suna da ƙungiyar OWSD, wadda ke ba da tallafin digirgir ga mata masu kimiyya daga ƙasashen da suka yi baya a fannin. 'Yar'uwa, idan kina da digiri na biyu a kimiyya ko injiniyanci, ki duba wannan tun kafin ki duba sauran. A Trieste ɗin dai akwai cibiyar binciken fiziks ta ICTP, ita ma Salam ne ya kafa ta a 1964, tana da shirin difloma na shekara ɗaya wanda aka yi musamman don shirya ɗaliban fiziks da lissafi su shiga digirgir a manyan wurare.

Sharuɗɗan waɗannan duka suna canzawa daga shekara zuwa shekara. Ka karanta su a shafin hukumar da kanta, ba a saƙon da aka yi ta turawa a WhatsApp ba. Kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka tallafi, ka kama gabanka.

Wasiƙar farko zuwa ga malami

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Farfesa mai ɗakin gwaji yana samun imel da yawa daga masu neman gurbi, kuma da kallo ɗaya yake gane wanda aka kwafa aka aika wa mutum ɗari. Alamominsa sanannu ne: babu sunansa a gaisuwa, yabo ya cika sakin layi na farko, sannan a ce ana son yin bincike a "fanninsa mai daraja" ba tare da an faɗi ko mene ne ba. Wannan shara ake zubawa.

Wasiƙar da ake karantawa gajeriya ce, ba ta wuce abin da zai cika fuskar waya sau biyu ba. A kan saƙon ka rubuta abin da kake nema da shekarar da kake son farawa. Layin farko ka faɗi ko kai wane ne da abin da ka karanta. Sannan ka ambaci wata maƙalarsa ta kwanan nan da sunanta, ka faɗi abu ɗaya takamaimai da ka fahimta a ciki, ka yi tambaya ta gaske. Misali, ka ce ka ga sun gwada sinadarin a zafi ɗaya tsayayye, shin sun duba abin da ke faruwa idan zafin yana hawa yana sauka kamar yadda yake yi a waje tsakanin rana da dare? Bayan haka ka faɗi abin da hannunka ya iya: na'urar da ka taɓa sarrafawa, harshen kwamfuta da kake rubutu da shi irin Python ko MATLAB, aikin da ka yi a digiri na biyu da abin da ya fito. Ka rufe da tambaya kai tsaye: yana ɗaukar ɗalibi bana? Idan kana shirin neman tallafi kamar na DAAD, ka faɗa, domin ɗalibin da zai zo da kuɗinsa ya fi sauƙin karɓa. Ka maƙala CV ɗinka da takardar sakamakon darussanka, shi ke nan.

Wasiƙa goma irin wannan sun fi ɗari na kwafe. Idan mako biyu suka wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi. Idan ya sake yin shiru ka wuce gaba, ba raini ba ne, aiki ne ya yi masa yawa ko ba shi da gurbi.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi: kada ka tsaya kan manyan farfesoshi kawai. Malamin da bai daɗe da buɗe ɗakin gwajinsa ba yakan fi buƙatar ɗalibai, yakan fi samun lokacin zama da kai a gaban na'ura, kuma nasararka tasa ce kai tsaye.

Kai ma ka bincike shi

Shekara huɗu a hannun malamin da ba ya duba aiki, ko mai wulaƙanta ɗalibai, azaba ce da babu sunan jami'ar da zai rama maka ita. Na fi ganin mutane sun bar digirgir saboda malami fiye da saboda wuyar ilimin. Ka duba shafin ɗakin gwajinsa: ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, cikin shekara nawa, ina suke yanzu? A maƙalolinsa, sunayen ɗalibai suna zuwa a farko ko kuwa kullum shi ne a gaba? Sannan ka rubuta wa ɗaya ko biyu daga cikin ɗalibansa, musamman waɗanda suka riga suka gama, domin su ne ba sa tsoron magana. Ka tambaye su sau nawa yake ganawa da su, kwana nawa rubutu ke yi a teburinsa, me yake yi idan gwaji ya ƙi har wata shida. Idan tsohon ɗalibi ya yi ta kewaye-kewaye ya kasa cewa "je ka, mutumin kirki ne", to ka ji amsar.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara haɗa takardu shekara guda kafin lokacin da kake son fara karatu. Abin da ya fi jan lokaci shi ne wanda ba a hannunka yake ba: takardar sakamako daga tsohuwar jami'arka, fasfo, da wasiƙun shaida.

Wasiƙun shaida biyu ko uku ake nema. Ka zaɓi wanda ya ga aikinka da idonsa, ko da ƙaramin malami ne, a kan babban farfesan da bai san fuskarka ba. Wasiƙar da ta ce ka gyara na'urar da ta yi wata uku a lalace ta fi wadda ta ce kai "mai ƙwazo ne da ladabi". Ka sanar da su wata biyu kafin lokaci, ka ba su CV ɗinka da bayanin gurbin.

Jarrabawar Turanci, IELTS ko TOEFL, sakamakonta shekara biyu yake aiki, don haka kada ka yi ta da wuri har ta mutu kafin ka nema. Wasu jami'o'in suna yafe ta ga wanda ya yi digirinsa da Turanci, ka tambaya a rubuce. Jarrabawar GRE ta neman shiga karatun gaba da digiri kuwa, sassa da yawa a Amurka sun daina neman ta, ka duba kafin ka kashe kuɗi. Kuɗin cike fom ma ana yafewa a wurare da yawa idan ka roƙa.

A bayanin manufarka kada ka fara da labarin yarinta. Ka faɗi matsalar da kake son bi, abin da ka riga ka yi da ke nuna za ka iya, da dalilin da ya sa wannan ɗakin gwajin ne ya dace. Idan an nemi tsarin bincike, shafi biyu zuwa huɗu sun isa a mafi yawan wurare: tambaya, abin da aka sani, giɓin da ya rage, hanyar da za ka bi, da jadawalin shekaru. Ba a sa ran za ka bi shi daidai. Ana son a ga yadda kake tunani ne.

Gargaɗi ɗaya kan wallafa maƙala. Akwai mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da masana sun duba ba. Suna ɗaya irin wannan a CV yana rage maka daraja, domin masu tantancewa sun san su. Gara ka zo babu maƙala ko ɗaya amma da kundin digiri na biyu mai kyau. Kafin ka aika wa mujalla aiki, ka duba ko tana cikin rumbunan da ke lissafa mujallun da aka tantance, wato Scopus, Web of Science ko DOAJ.

Ganawa

Yawanci ta bidiyo ake yi. Za a ce ka gabatar da aikinka na baya cikin minti goma ko sha biyar, sannan tambayoyi. Ka gwada gabatarwar da agogo a gaban wani, ka tabbatar da intanet da wuta tun kafin ranar, ka kuma lissafa bambancin lokaci tsakanin ƙasashen sau biyu. Za su tura ka har inda iliminka ya ƙare da gangan. Idan an kai nan, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Mai bincike ke nan. Wanda ya ƙirƙiri amsa ya nuna musu abin da zai yi da sakamakon gwaji idan ya ƙi fitowa yadda ake so.

Idan aka ba ka dama ka yi tambaya, kada ka ce babu. Ka tambayi shekara nawa kuɗin ya rufe, me ke faruwa idan aiki bai ƙare ba kuɗin ya ƙare, awa nawa na koyarwa ake buƙata a mako, kuma na'urar da aikinka ya dogara a kanta tana nan ko sai an saya.

Bayan an ce an ɗauke ka

Kada ka ajiye aikinka ko ka janye sauran takardunka a kan alkawarin baki. Ka jira wasiƙa a rubuce da ta faɗi adadin alawus, tsawon lokacinsa, ko ya haɗa da kuɗin makaranta da inshorar lafiya. Ka auna alawus ɗin da tsadar haya a garin, musamman idan da iyali za ka tafi, ka kuma duba ko bizar ƙasar tana barin ɗalibin digirgir ya zo da mata ko miji da yara. A Amurka yawancin jami'o'i sun amince ɗalibi yana da har 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin da ke da tallafi, don haka kada a matsa maka ka amsa a Fabrairu kana jiran wasu.

Masu injiniyanci da wasu sassan kimiyya su lura da wani shinge na musamman. A Birtaniya, 'yan ƙasashe da yawa sai sun sami takardar ATAS kafin biza idan fanninsu yana cikin waɗanda ake ganin za a iya amfani da su wajen ƙera makamai, kamar injiniyancin jiragen sama, nukiliya da wasu sassan kimiyyar sinadarai da kayan ƙira. Tantancewar takan ɗauki makonni, wani lokaci fiye, kuma sauran ƙasashe ma suna da irin nasu binciken. Ranar da wasiƙar ɗauka ta iso, ka tambayi ofishin ɗalibai na jami'ar ko fanninka yana ciki, ka cike fom ɗin a makon, ka kuma nemi malaminka ya ba ka taƙaitaccen bayanin aikin da za ka saka a ciki, domin kalmomin da ke fom ɗinka su dace da waɗanda ke takardar jami'a.